Kada Ku Yi Saurin Ba da Gari

Beyar, kaza, agogo, soja. 'Ya'yana, in aka jera muku waɗannan kalmomi huɗu aka ce ku faɗi abin da ya haɗa su, me za ku yi? Na san abin da yawancinku za ku yi. Hannu zai faɗa aljihu, waya ta fito, kafin ƙiftawar ido amsa ta bayyana: laƙabai ne na wasu kaɗe-kaɗe huɗu, irin waɗanda ake kira simfoni, na Joseph Haydn, mutumin Ostiriya da ya rasu a 1809. Amsar daidai ce. Amma ku zauna mu yi magana a kan abin da ya kuɓuce muku a wannan ɗan lokacin, domin na lura wasan nan ya shiga ranku, ni ma kuma ina ƙaunarsa.

Wasan ya fi zama da gindinsa a Ingila. Gidan rediyon BBC yana da wani shirin gasa mai suna Round Britain Quiz tun 1947, inda ake naɗe tambaya a cikin zaurance har sai an warware ta zare-zare. A 2008 kuma suka fara Only Connect a talabijin. A nan ne ake kafa wa 'yan gasa bango mai kalmomi 16, a ce su raba su gida huɗu cikin minti biyu da rabi, alhali mai tsara tambayar ya riga ya dasa kalmomin da za su iya shiga gida biyu ko uku. Masu irin wannan tambaya suna son tsohon kiɗan Turai, wanda ake kira kilasik, saboda dalili mai sauƙi. Kusan kowane kiɗa a can yana da lamba, yana da laƙabi, yana da wanda aka sadaukar wa, yana da shekara da garin da aka fara kaɗa shi. Ko'ina ka kama akwai igiyar da za ta kai ka wani wuri. Zan bar sunayen mutanen yadda masu su suke rubutawa, don a wannan wasa harafi ɗaya yakan zama shi ne amsar.

Mu ma ba baƙin kacici-kacici ba ne. Kun san ƙa'idarsa a dandali: in abu ya gagare ka, sai ka ba da gari kafin a faɗa maka. Amma ba wanda yake ba da gari daga jin tambaya. Sai ya yi ta jifa, ya ce kaza ne, a ce a'a, ya sake, a yi dariya, ya yi shiru yana juya abin a ransa. Lokacin da amsa ta zo, ta tarar da wurin zama a kansa, shi ya sa ba ya manta ta har tsufa. Waya ba ta neman gari a wurinku, kuma abin da ta ba ku a banza yakan tafi a banza.

Ku duba abin da ke bayan kalmomi huɗun nan. Ana ce wa simfoni na 101 Agogo ne saboda kashinsa na biyu, inda ake tsinkar tsirkiyar goge da yatsa, wasu sarewoyi masu kaurin murya suna biye, tik-tak, tik-tak, kiɗan yana tafiya a kansu ba gaggawa. A Landan aka fara jin sa a 1794, shekarar da aka fara jin na 100, wato Soja, wanda ya sami sunansa daga babbar ganga da faifan ƙarfe irin na rundunar Turkawa. Kaza shi ne na 83, don akwai wani wuri a kashin farko da sautin yake ƙyarƙyara. Beyar shi ne na 82, don kashinsa na ƙarshe yana da wani gurnani mai tsawo a ƙasa wanda ya tuna wa mutane kiɗan da ake yi wa beyar ɗin wasa a kasuwa. Waɗannan biyun na birnin Faris ne, kuma wanda ya jagoranci makaɗan da suka fara kaɗa su shi ne Chevalier de Saint-Georges, haifaffen tsibirin Gwadaluf, wanda mahaifiyarsa baiwa ce 'yar asalin Afirka. Duk wannan yana kwance a ƙarƙashin kalma ɗaya tak, "Haydn". Wanda ya karɓi kalmar ya wuce, bai ji agogon ba, bai san Saint-Georges ba.

To, in za ku zauna da tambaya, abu na farko da zan roƙe ku shi ne ku riƙa yi wa amsarku shari'a ta gaskiya. Amsa ba ta zama amsa sai ta ɗauki dukkan alamomin. A ce an ba ku kiɗan addu'ar mamata na Mozart, da wasan Turandot na Puccini, da simfoni na 9 na Bruckner, da simfoni na 8 na Schubert, aka ce ku fitar da bare. Nan take za ku ce ai babu bare, duka ba a kammala su ba. Gaskiya ne, amma ku ƙara dubawa. Mozart yana kan nasa aikin mutuwa ta riske shi a 1791, almajirinsa Süssmayr ya ƙarasa. Puccini ya rasu a 1924 bai rubuta ƙarshen Turandot ba, aka ba Franco Alfano. Bruckner ya rasu a 1896 yana fama da kashin ƙarshe. Schubert fa? Ya rubuta kashi biyu a 1822, ya ajiye, ya rayu shekara shida bayan haka, har ya rubuta wani simfoni babba cikakke, bai koma wa wancan ba. Uku ajali ne ya tsayar da su, ɗaya shi ya tsaya da kansa. Wanda ya gamsu da "ba a kammala ba" ya faɗi gaskiya, amma ya tsaya a bakin ƙofa. Ina ganin yara masu kaifin basira suna faɗawa wannan rami fiye da masu matsakaiciya, saboda tunaninsu na farko yakan yi kyau, sai su ƙi rabuwa da shi. In alama ɗaya ta ƙi zama, kada ku danne ta. Ita ce take gaya muku inda gaskiyar take.

Haka nan kalmar da ta yi saurin samun gida, ku yi mata kallon tuhuma. Kuka ga Jupiter a bango tare da Mars da Venus da Saturn, zuciya za ta ce Gustav Holst ne da kiɗansa na duniyoyi, wanda ya tsara lokacin Yaƙin Duniya na Farko. Mai yiwuwa ne. Amma Jupiter laƙabi ne kuma na simfonin Mozart na ƙarshe, na 41, na shekarar 1788, Mercury kuwa laƙabin simfonin Haydn na 43 ne. Mai tambaya ya san haka sarai, da gangan ya ajiye su. Ku fara da gidan da ba shi da kishiya, ku bar mai gardama zuwa ƙarshe. Ku riƙe kuma cewa duniyoyin Holst bakwai ne: bai sa duniyarmu ba domin ilimin taurari na masu duba ya bi, Pluto kuwa sai a 1930 aka gano ta.

Abu na gaba ya fi waɗannan nauyi a wurina, kuma zan daɗe a kansa. Kowace tambaya tana da garin da aka haife ta. In kuna son warware ta, sai kun yi tattaki zuwa can.

A watan Oktoba na 1898, Edward Elgar ya dawo gidansa a Malvern a gajiye bayan koyar da goge. Ya zauna gaban fiyano yana taɓawa ba da niyyar komai ba, sai matarsa Alice ta ce wannan karin ya yi daɗi. Sai ya shiga juya mata shi: ga yadda wane zai kaɗa shi, ga yadda wance za ta yi. Daga nan aka sami kiɗan da ake kira Enigma, kari ɗaya da aka sāke wa kama sau 14, kowace kama hoton wani makusancinsa ce. Bai rubuta sunayensu a fili ba, sai haruffa da laƙabai. C.A.E. matarsa ce. E.D.U. shi ne da kansa, daga sunan da take kiransa a gida. G.R.S. abokinsa ne George Robertson Sinclair, mai kaɗa ogan a babban cocin Hereford, amma farkon wannan kashin ba hoton Sinclair ba ne, na karensa ne Dan. Wata rana karen ya gangaro daga gaɓa ya faɗa kogin Wye, ya yi ta iyo har ya sami wurin fita, ya fito yana haushi. Sinclair ya ce wa Elgar in ya isa ya mayar da wannan kiɗa, ya kuwa mayar. In kun saurara za ku ji gangarowar, ku ji ƙafafun suna dama ruwa, ku ji haushin.

Kashi na tara shi ne wanda duniya ta fi sani, kuma sunansa Nimrod, wato Namarudu. A nan nake so ku lura. Ɗan da ya tashi a gidajenmu, da ya ji Namarudu, abin da zai zo masa shi ne sarki mai girman kai da ya yi jayayya da Annabi Ibrahim, alaihis salam. In ya bi wannan hanya zai yi ta neman wani azzalumi ko maƙiyi a cikin abokan Elgar, ba kuwa zai samu ba. Elgar Littafin Farawa ya karanta, inda aka ambaci Namarudu a matsayin babban maharbi. Amininsa kuma, wanda yake aiki a kamfanin buga kiɗa na Novello, sunansa Augustus Jaeger, Bajamushe ne, kuma da Jamusanci sunan nan yana nufin maharbi. Tsani uku ke nan: Namarudu, maharbi, Jaeger. Wannan mutum shi ne ya riƙe Elgar lokacin da ya karaya har yana maganar barin kiɗa, ya tuna masa wahalar da Beethoven ya sha bai daina ba. Kiɗan godiya ne ga aboki, shi ya sa yake da taushi da nauyi haka, kuma har yau ana kaɗa shi a Landan kowane watan Nuwamba a taron tunawa da waɗanda suka mutu a yaƙi.

Saninku na gida dukiya ce, kada wani ya raina muku ita. Amma in tambaya ta fito daga wani gari, ku tambayi kanku me mai ita ya karanta, wane harshe yake ji, wane labari aka ba shi yana yaro. Wannan hali zai yi muku amfani nesa da wasa. Yawancin rashin jituwar da na gani tsakanin mutane daga nan take: mutum ya ji kalma, ya fassara ta da abin da ke kansa, bai tsaya ya ga abin da ke kan mai maganar ba.

Sai maganar haruffa, wadda ba makawa ku koya in kuna son yin nisa. Turawan Ingila suna kiran sautukan kiɗa da haruffa bakwai, daga A zuwa G. Jamusawa suna da na takwas. Sautin da Ingilishi ke kira B, su H suke ce masa, B ɗinsu kuwa shi ne wanda yake ƙasa da shi kaɗan. Saboda haka ana iya kaɗa sunan Bach, B da A da C da H, sauti huɗu a jere. Johann Sebastian Bach ya sa su a kashin ƙarshe na babban aikinsa a kan fasahar fuga, wanda aka tarar bai kai ƙarshe ba bayan rasuwarsa a 1750. Schumann da Liszt da wasu da yawa sun gina kiɗa a kan waɗannan sautuka huɗu don girmama shi. Wanda ya san ramzi ba zai yi mamaki ba, domin malamanmu na Sakkwato da Gwandu sun daɗe suna ɓoye shekarar Hijira a cikin kalma ɗaya a ƙarshen waƙoƙinsu na ajami, kowane harafi da adadinsa. Mai ilimin ya ga shekara, wanda ba shi da shi ya ga kalma kawai.

Wanda ya fi taɓa zuciyata a wannan fage shi ne Dmitri Shostakovich na Tarayyar Sobiyet. Sau biyu hukuma ta yi masa tofin Allah tsine a bainar jama'a, a 1936 da 1948, a zamanin da irin wannan kan kai mutum kurkuku ko kabari. Ya ɗauki rubutun sunansa na Jamusanci, D da S da C da H, ya mayar da su sautuka, domin Jamusawa suna da sautin da suke kira Es, wanda ya tsaya a madadin S. Shugaban ƙasar, Stalin, ya mutu a watan Maris na 1953, kafin shekarar ta ƙare aka kaɗa simfoninsa na 10, inda sautukan nan huɗu suke ta dawowa, a ƙarshe duk makaɗan su haɗu su buga su da ƙarfi. Ya sake yin haka a kiɗan gogaye huɗu na 8, a 1960. In kuka ci karo da DSCH a bango, za ku ci maki ɗaya. Ina so ku san cewa mutum ne yake faɗin sunansa a wurin da faɗin ra'ayi ya haramta.

Sai dai wanda ya ɗanɗani daɗin gano ɓoyayyen abu, akwai cutar da ke jiransa: ya fara ganin sirri a ko'ina. Kama da wane ba ta wane. Simfoni na 5 na Beethoven yana buɗewa da gajerun sauti uku da dogo ɗaya. A rubutun wayar tangaraho na Morse, wannan shi ne harafin V. A lissafin Rumawa V shi ne biyar. A 1941 BBC ta riƙa buga shi a ganga a farkon shirye-shiryenta na ƙasashen da Jamus ta mamaye, a matsayin alamar nasara. Duk gaskiya ne, kuma tambaya mai kyau za ta fita daga ciki. Amma in wani ya ce muku Beethoven ne ya shirya haka, ku tuna masa cewa an fara kaɗa simfonin a 1808, mai shi ya rasu a 1827, rubutun Morse kuwa daga baya ya zo. Dacewa ce. Haka masu lissafa haruffan Bach su sami 14, sannan su bi kiɗansa suna ƙirga komai har sai 14 ta fito. Wanda ya ƙudura zai sami lamba, zai same ta ko a ina.

Elgar kansa ya bar wa duniya wannan jarrabawa. Lokacin da aka fara kaɗa Enigma a Landan a watan Yuni na 1899, ya nuna cewa akwai wani babban kari da yake tafiya tare da kiɗan gaba ɗaya amma ba a kaɗa shi. Ya rasu a 1934 bai bayyana ba. Tun daga lokacin mutane suke kawo amsoshi, wannan ya ce taken ƙasa ne, wancan ya ce wani kiɗan Mozart ne, wani ya ce ba kiɗa ba ne sam, abota ce. Akwai wata tsohuwar waƙar Sukotlan da aka fi ambata, shi kuwa ya ce ba ita ba ce. Kusan kowane mai amsa ya tabbata shi ne ya gano, kuma kusan kowanne sai ya ɗan tanƙwara wani sauti kafin abin ya zauna. Akwai ma wata 'yar takarda da ya aika wa wata abokiyarsa, Dora Penny, a 1897, layi uku, alamomi 87 masu kama da ƙugiya, har yau ba a sami fassarar da masana suka yarda da ita ba. Ba laifi ku gwada. Amma ku koyi bambanta "na gano" da "ina zato", ku kuma faɗi wanda yake gaskiya a cikinsu ko da na farkon ya fi daɗin faɗa.

In kuna wasan a ƙungiya, ku bar ƙarami ya yi magana. Sau da yawa amsar tana bakin wanda yake jin kunyar faɗa, don yana ganin ta yi sauƙi da yawa. Kada ku yi wa wanda ya kuskure dariyar da za ta rufe masa baki gobe. In ku ne kuka tsara tambaya, ku yi adalci: ku ɓoye hanya, amma hanyar ta kasance akwai ta, yadda in an faɗi amsa kowa zai ce kash, ai da na gani. Tambayar da ba mai iya warwarewa sai mai ita, ba gwaninta ba ce. Kuma wasa wasa ne, kada ya ci muku lokacin salla ko na karatu ko aiken iyaye.

Haydn ɗin da muka ambata ya nuna yadda ake zaurance mai ladabi. A 1772 ubangidansa, Yarima Nikolaus Esterházy, ya daɗe a fadarsa ta bazara a ƙasar Hangari, makaɗansa kuwa iyalansu suna can Eisenstadt, kewa ta dame su, ba mai iya tunkarar yarima. Haydn ya tsara simfoni na 45 yadda a kashin ƙarshe kowane makaɗi, in ya gama nasa, zai hure kyandirinsa ya ɗauki kayansa ya fita, har ya rage masu goge biyu. Yarima ya gane, aka yi shirin komawa gida. Ba a faɗi kalma ko ɗaya ba, ba a kunyata kowa ba. Yarima ya warware wannan ne don ya zauna ya saurara har ƙarshe. Wannan ne babban roƙona gare ku: duk amsar da kuka gano, ku nemi kiɗan ku ji shi. A nan ne wayar take da amfani na gaske, domin abin da mutanen dā sai sun yi tafiya mai nisa kafin su ji sau ɗaya a rayuwa, ku yana hannunku. Laƙabi da lamba da shekara alamomin hanya ne kawai, kuma na ga matasa da suka haddace lambobin simfoni ɗari ba su taɓa zama sun ji ɗaya daga farko zuwa ƙarshe ba. Ba na so ku zama haka.

Ga aikin da zan bar muku. Wani mai goge, ɗan baƙar fata, ya kaɗa wani sabon kiɗa tare da mai shi a Biyana a 1803, daga baya suka ɓata, aka cire sunansa. Wani mai goge Bafaranshe aka sa sunansa a madadin, shi kuwa bai taɓa kaɗa shi ba. Wani babban marubuci ɗan Rasha ya fitar da gajeren labari a 1889. Wani mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Cek ya rubuta kiɗan gogaye huɗu a 1923. Suna ɗaya ne ya haɗa su. Ku fara daga Beethoven, ku tambayi juna, ku kwana da ita in ta kama. In kun gano, ku saurari kiɗan gaba ɗaya kafin ku zo ku faɗa mini. Allah ya yi muku albarka.